Famfon foklif: ɗan Beljiyam ko sabon ɗan China?

Malam, ka tambaya wane famfon haidrolik za ka sa wa foklif ɗinka (motar ɗaga kaya), ɗan Beljiyam, wato na hannu da ake shigowa da shi daga waje, ko sabon ɗan China; ni ɗan Beljiyam zan ce ka ɗauka, amma dakata tukuna kar ka yi saurin fidda kuɗi. Ka ce in ka ɗaga kaya cokulan, wato ƙarafan gaba da ke ɗaukar kayan, na sulalowa ƙasa da kansu ko? To wannan ba laifin famfo ba ne. Shi famfo tura mai kawai ya sani, da ka saki liba bawul ne ke tsare man, saboda haka ko dai sil (robar da ke hana yoyo) ɗin silindar da ke ɗaga cokulan ya cinye, duba ka gani ko sandar na jiƙe da mai, ko kuma bawul ɗin na yoyo ta ciki. Famfon da ya gaji alamarsa daban ce, da safe foklif ɗin ta ɗaga lafiya lau, rana na yi mai ya ɗau zafi sai ka taka mata wuta sosai kafin ta motsa kayan da ta saba ɗauka. In kuma kana jin ƙara kuma man na kumfa a tanki, iska take sha, ko mai ya yi ƙasa ko rariyar tankin ta toshe, ka san ƙurar hunturun Zariya.

In geji, na'urar auna ƙarfin turin mai, ya tabbatar famfon ne, to ga abin da na gani. Tawa foklif ɗin Toyota ce mai tan 2.5, buhunan masara da taki muke lodi da ita a sito wajen Dakace. Ɗan Beljiyam na sa mata, daga Ƙofar Ruwa a Kano, bakanike ya kwance shi a gabana, haƙoran giya sumul babu ko ƙarzuwa a jikin gidan famfon. Wallahi ranar da aka ɗaura direban har dariya yake, ko wuta bai ba ta ba ta ɗaga falet cike. Kaka ta zo ta wuce muna lodi tun asuba har bayan isha'i, bai taɓa ba mu kunya ba.

Ɗan China kuwa yana ɗagawa dai, amma wanda na taɓa sawa ko damina bai fita ba ya fara zubar da mai ta wuyan shaf.

Sai dai ka kula da wasu 'yan kasuwa, Allah ya shirye su. Mataccen famfo za su wanke da fetur su fesa fenti, su ɗura masa mai mai kauri yadda in ka juya da hannu za ka ji kamar da ƙarfinsa. Ka tafi da tsohon naka, ka ƙirga haƙoran shaf, ka tabbatar wajen da yake juyawa, dama ko hagu, ɗaya ne da na tsohon, kuma ku yi magana a gaban shaida in bai yi ba za ka dawo da shi. Mai kuma na haidrolik 46 ko 68 za ka zuba, ba man inji ba.

Don Allah a sauke cokulan ƙasa kafin a kwance kowane tiyo, kuma kar yaranka su lalubi yoyo da hannu, man nan yana huda fata, kwali ake karawa. Fara da sil da bawul ɗin, ka faɗa mana abin da bakanike ya gani.