Gargaɗi ga matan Bauchi kan wata mai zuwa gida koyar da motsa jiki

Assalamu alaikum 'yan uwana mata. Wallahi na daɗe ina juya maganar nan a raina kunya ta hana ni faɗa, sai jiya naji wata baiwar Allah a Fadaman Mada ita ma an mata irin abin da aka min, nace to shirun ya isa haka.

Bayan haihuwata ta uku jikina ya buɗe sosai ga hawan jini ya fara leƙo ni, likita yace in rage ƙiba in dinga motsa jiki. Kun san dai yanayinmu, ba kowane maigida ne zai bar matarsa taje jim ta cakuɗu da maza ba, filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa kuma ya min nisa ga shirya yara makaranta da safe. Ana haka naga tallar wata a sitatus na WhatsApp wai koci ce, har gida take zuwa ta koyar da mata zalla, ga hotunan mata kafin da bayan sun rame, ta rubuta kilo 15 cikin wata ɗaya ko a dawo miki da kuɗinki.

Da na mata magana tace wata ɗaya naira 45,000 ne, zuwa uku a sati, amma "Hajiya tunda ke ce, in kika biya na wata uku a dunƙule ki kawo 110,000, sai dai ragin ranar Juma'a zai ƙare". Ta ɗora min shayin rage tumbi 25,000 da belet na ɗaure ciki 18,000, wai in babu su aikin ba zai ci ba. Duka 153,000 kenan, ya fi albashi mafi ƙanƙanta na 70,000 har na wata biyu, kuma kuɗin adashina ne da na ɗauka. Lambar akawun da ta turo sunan namiji ne, na tambaya tace na ƙaninta ne, nata yana da matsala. A nan ya kamata in tsaya, ban tsaya ba.

Sau biyar tazo. Ko sau ɗaya bata auna jinina ba, bata tambaye ni ko tiyata aka min wajen haihuwa ba, da nace mata ina da hawan jini kuma ina shayarwa cewa tayi ba komai Hajiya gumi ne maganinsa. Bidiyo take kunnawa a YouTube ta jingina waya da kujera muna kwaikwaya. Daga nan uzuri ya fara, yau anyi rasuwa a Azare, gobe wayarta ta faɗa ruwa, jibi ba ta da lafiya, ranar da nace to a dawo min da sauran kuɗina ranar ta toshe ni ko'ina. Ku lissafa, banda kuɗin shayi da belet, kowane zuwa ɗaya ya tashi min a 22,000.

Amma ba kuɗin ne suka fi ƙona min rai ba, shayin nan ne. Kwana uku ina zarya banɗaki, jiri na ɗibata, na hau sikeli naga kilo 2 sun tafi har ina murna ashe ruwan jikina ne ya tsiyaye, sati bai zagayo ba suka dawo. Na kai ledar wajen wani mai kemis da ya san aikinsa, ya juya ta gaba da baya babu lambar NAFDAC, babu sunan kamfani, babu ranar lalacewa. Yace yawancin irin shayin nan ganyen sa zawo ne irin su filasko, wasu kuma ana samun sinadarin sibutramine a ciki, wanda tun 2010 aka janye shi daga kasuwa a Turai da Amurka saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ni mai hawan jini ga jariri a hannu, Allah ne kawai ya tsare.

Da na koma asibiti likita faɗa ya min sosai. Yace ramar da ba ta cutarwa rabin kilo ne zuwa kilo ɗaya a sati, duk wanda yace miki kilo 15 a wata ko dai ƙarya yake ko zai illata ki. Belet ɗin ma gumi kawai yake sawa, kitse baya narkewa a waje ɗaya don an matse shi. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shine aƙalla minti 150 na motsa jiki a sati, wato minti 30 kwana biyar, tafiya da sauri ma tana ciki, kuma wannan ko sisi ba a biya. Sai a kula da tuwo da lemon kwalba.

Ban ce kar ku ɗauki mai koyarwa ba, akwai na kirki masu neman halal a garin nan, kuma kuɗinsu yana bambanta gwargwadon nisan unguwa da yawan zuwa da ko ke kaɗai ce ko kun haɗu da maƙwabta kun raba. Abin da nake roƙonku dan Allah kar ki biya na wata uku gaba, ki biya sati-sati bayan tazo. Ki nemi ganin takardarta, masu karatun abin suna nan, wasu daga kwalejojin ilimi ɓangaren wasanni da lafiya, wasu daga Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas. Ki ce ta haɗa ki da wacce ta taɓa koyarwa, ki ji da kunnenki, hoto ba shaida bane, kowa zai iya sauke shi a intanet. In kuma tun ranar farko ta fito miki da shayi ko ƙwaya daga jaka, ki sallame ta.

Ban saka sunanta ba saboda kowacce da sunan da ta faɗa mata, amma lambar akawun ɗin iri ɗaya ce. Yanzu mu huɗu ne, daga Fadaman Mada da Yelwa da Gwallameji, ranar Litinin insha Allah zamu kai ƙara wajen 'yan sanda mu kuma sanar da banki. Duk wacce abin ya shafa ta ajiye risitin tiransifa da hirarsu ta WhatsApp kar ta goge komai, ko ledar shayin ce kar a yar, ta min magana mu tafi tare.