Kwamfutar hannu ko malama? Amsa ga maman yaron da bai fara magana ba

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Tsakanin sayen kwamfutar hannu mai darussan yara da biyan malamar rabin aji ta riƙa zama da ɗanki shi kaɗai, ga yaro ɗan shekara 4 da bai haɗa magana ba, ki biya malama. Kada ma ki tsaya dogon shawara.

Kwamfutar akwai ta a ɗakina. Waƙoƙinta na Turanci ne, kullum tana shagon mai caji, amfaninta ɗaya dai yaro ya zauna shiru kina tuƙa tuwo.

'Yata sanƙarau ne ya taɓa mata ji. A ajinsu na firamaren garinmu yara sun yi yawa, malama na gaba tana biyawa, ita tana can baya tana kallon bakin ƙofa. Da muka yi magana da malamar, sai ta fara riƙe ta bayan an tashi. Su zauna a tabarma gindin darbejiya, fuska da fuska, don yarinyar ta ga motsin leɓenta. Ta jera buta da kofi da ludayi, ta ɗaga ɗaya ta faɗi sunansa, ta kama hannun yarinyar ta ɗora a maƙogwaronta don ta ji yadda murya ke rawa, sannan ta nuna mata da maganar hannu. Ba ta wuce abu sai ya zauna. In ta ga ta fara gajiya, sai ta zubo 'ya'yan tsamiya su koma ƙirge. Abin da suka yi ta rubuta a ɗan littafi, ta aiko min in maimaita da dare. Ran da yarinyar ta ja zanina zuwa randa ta ce "ruwa", wallahi sai da na yi hawaye. Wace na'ura ce za ta lura yaro ya gaji ta canja masa salo?

Ba ki tambaya ba amma zan faɗa: ki kiyayi masu yawo ranar kasuwa da lasifika, suna tallar abin saƙala wa kunne da ruwan ɗigawa, wai yana buɗe ji da baki. Yawancin abin nan ƙara kawai yake ƙarawa, yana iya lalata ɗan jin da ya rage. Na'urar ji ta gaskiya sai an auna kunne a asibiti ake saita ta daidai da yaron. Don haka ki fara kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Malam Aminu Kano a gwada, malamar ta san da me take aiki. In aka ce kurumta ce sosai, akwai makarantar Tudun Maliki a Kano da ta kurame a Haɗeja idan ya ƙara girma.

Kuma kada ki cire shi daga aji, yana buƙatar cuɗanya da yara. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a 2019 ta ba shi haƙƙin karatu kamar kowa. Ki roƙi a zaunar da shi a layin gaba, ki daidaita da malamar kan kuɗin wata tun yanzu, ki ce mata kina son ganin littafin duk mako.