Jirgin da ke naɗe hannuwansa: shekara biyu tsakanin Sakkwato da Goronyo

Ranar da na fara kai jirgin ruwana bakin dam ɗin Goronyo, wani dattijo cikin masunta ya bar gyaran komarsa ya zo ya tsaya yana kallo. Ni da ƙanena muka tura gefe ɗaya ya buɗe, muka tura ɗayan, abin da ya zo a bayan mota a tsuke ya baje kamar shaho. Dattijon ya ce, "Yaro, wanga jirgi naka ɗiya biyu garai?" Na ce, "Awo, Baba." Tun daga ranar ƙananan jiragen nan biyu na gefe suka zama "ɗiya" a bakin kowa, har ni.

Na saye shi na hannu a Legas, wurin wani da zai koma ƙasarsu. Ba aikin kamfani ba ne, wani ne ya ƙera shi da katako da faiba. Jiki uku gare shi: uwa a tsakiya, ɗiya a dama da hagu, hannuwa huɗu sun haɗa su, raga a shimfiɗe a tsakani. Ba inji, iska ke tura shi ta ƙyallen da ake ɗagawa a kan doguwar sanda. Tsawonsa mita 5 da rabi. A buɗe faɗinsa ya haura mita 4, a naɗe bai kai 2 da rabi ba. Wannan bambancin shi ne duk dalilin da ya sa na iya mallakarsa ina zaune a Sakkwato, inda ba ni da wurin da zan bar jirgi a ruwa in tafi gida in yi barci.

Faɗin ba don ado ba ne. Jirgin iska mai jiki ɗaya yana dogara da nauyin ƙarfe a ƙarƙashinsa don kada iska ta kifar da shi. Wannan kuwa ɗiyar da ke gefen da iska ke turawa ita ke tokare ruwa, kuma iya nisanta daga uwar, iya ƙarfin tokarar. Shi ya sa ba shi da nauyi, yana shiga ruwa mara zurfi. To amma abin da ya kai mita 4 ba ya hawa titi.

Dabarar da ke jikin nawa kwaikwayo ce ta wadda Ian Farrier, mutumin New Zealand, ya fito da ita a Ostareliya cikin shekarun 1970, ta kuma shahara da jirgin F-27 da kamfanin Corsair ya fara yi a Kalifoniya a 1985. Kowane hannu yana rataye ne a kan sandunan ƙarfe masu juyawa, na sama da na ƙasa, noti guda kuma ya riƙe kansa a jikin uwar. In ka kwance notin ka ɗaga kan hannun, sai ya miƙe sama, ɗiyar ta shigo ta kwanta a gefenta jikin uwar. Mutanen Denmark masu jirgin Dragonfly sun bi wata hanyar: nasu hannuwan zuwa baya suke lanƙwasawa a kwance, ɗiyar na nan a tsaye, sai dai jirgin ya ƙara tsawo. Akwai kuma masu bututu cikin bututu da ake zuƙewa, da waɗanda ake cire hannuwan gaba ɗaya. Nawa kaɗai na taɓa riƙewa da hannuna, a kansa zan tsaya.

Buɗewa ba ta da wahala ko kaɗan. Noti huɗu, sifana ɗaya, minti biyar in ba a tsaya surutu ba. Ta da doguwar sandar ƙyallen ita ke cin lokaci da gumi. A kan ruwa kuwa ban taɓa jin hannuwan sun yi wasa ba sai sau ɗaya, wanda zan zo kansa. Watan Janairu, iskar hunturu na busowa daga arewa maso gabas, ɗiya ɗaya ta ɗaga sama tana ɗigar da ruwa, ɗayar ta nutsa rabi, ni ina kan raga: a nan na yafe wa jirgin kuɗin da ya ci.

Kuskurena na farko giris ne. Mai jirgin ya gargaɗe ni da gishirin teku, kuma da gaskiyarsa, domin inda ƙarfen da ba ya tsatsa ya haɗu da alminiyom na tarar da farin gari ya taru, ɗaya daga cikin fil-fil ɗin da gaɓoɓin hannuwan ke juyawa a kansu ma sai da guduma ya fita. Sai na lafta wa kowace gaɓa giris na ce na huta. Ashe abin da gishiri yake wa mutanen bakin teku, ƙura ke yi mana. Hazo ya sauka kan giris ɗin, ya zama wani baƙin kwaɓi mai cin ƙarfe kamar dutsen washi. Kafin bazara gaɓoɓin sun fara ƙara. Yanzu wankewa nake yi da kananzir, in shafa mai kaɗan-kaɗan, in goge abin da ya fito, in lulluɓe da tamfol.

Na biyu ya fi tsada. Wata rana muna tsakiyar ruwa na ji "ƙwas, ƙwas" daga hannun gaba na dama duk lokacin da igiyar ruwa ta bugo. Na sassauta ƙyallen muka lallaɓa zuwa gaɓa. Da na kai wa mai walda na unguwarmu, ya juya ƙarfen ya leƙa ramin fil ɗin, wanda ya tashi daga zagaye ya koma kamar ƙwai. Ya ce, "Alhaji, ba ruwa yac ci shi ba, hanya ta." Ya kuwa gano ta. A naɗe, nauyin ɗiyar yana lilo ne a kan fil-fil ɗin, kowane rami a hanyar Achida zuwa Goronyo guduma ce. Tafiya ɗaya a mota ta fi yini guda a ruwa gajiyar da gaɓoɓin. Aka faɗaɗa ramin aka sa bushin, wato zoben da fil ɗin zai zauna a ciki, muka ƙera wa ɗiyar matashi a kan tirelar don nauyinta ya sauka a can, na sa dukawa suka yanko mini fata mai kauri na sa duk inda ƙarfe ke taɓa katako. Fata dai ba ma sayenta da nisa a garin nan. Ƙarar ba ta dawo ba.

Raga kuwa rana ta cinye zarenta cikin shekara guda, masu ɗinkin tamfol suka sake bi. Wannan ba laifin kowa ba ne, zafin Afrilu ne.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: a naɗe jirgin ba shi da tsayuwa. Ruwan Goronyo yana ja da baya sosai da rani, wani lokacin sai an ratsa laka da ciyawa ta ɗan siririn wuri kafin a kai sarari, sai mutum ya ji sha'awar shiga a naɗe da sanda a tsaye. Na gwada sau ɗaya, ƙanena ya taka gefe, saura ƙiris mu sha ruwa. Ba a ɗaga ƙyalle sai noti huɗun sun zauna, na kuma bi su ɗaya bayan ɗaya da hannuna. Rigar ruwa kuma kowa sai ya sa, har mai cewa shi ɗan Sarkawa ne. Mun ji isassun labaran kifewar kwale-kwale a jihar nan. Hanyar ma ba na bin ta sai da rana tsaka, bayan na tambayi mutanen can yadda gari ya kwana.

Wanda zai sayi irinsa na hannu, kada fenti ya ɗauke masa hankali. Ya sa a buɗe jirgin, ya kama ƙarshen ɗiyar ya girgiza sama da ƙasa. In ya ji motsi a gaɓa, ya rage kuɗin. Ya duba katakon da ke kewaye da mazaunin notin ko ya tsage ko ya yi laushi, don nan ne gyara ke da wuya. Ni ban yi ko ɗaya ba lokacin da na saya. Da za a mayar da ni Legas da kuɗin a hannu zan sake saye, amma matashin tirela zan fara ƙerawa kafin mu kama hanya. Noti biyu na ajiya suna cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin kujerar direba, tun ranar da ɗaya ya suɓuce mini ya faɗa ruwa, yaran masunta uku suka yi ta nutso ba su same shi ba.