Planet Coaster 2 ko Park Beyond: amsa ga mai PS5

Ɗan'uwa, ka ce kana da PS5, kana son gem ɗin gina wurin shaƙatawa, kuma ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin Planet Coaster 2 da Park Beyond. Ni dai Planet Coaster 2 zan ce maka. Amma bari ka ji dalili, don in har abin da kake nema ba gini ba ne, akwai na ukun da ya fi su dacewa da kai.

Kamfanin Frontier Developments na Ingila ne ya yi Planet Coaster 2, ya fito a Nuwamban 2024 a PS5 da Xbox Series da kwamfuta. Waɗannan mutanen sun daɗe a harkar, su ne suka yi RollerCoaster Tycoon 3 tun 2004, kuma da ka fara shimfiɗa dogon rola-kosta, wato jirgin wasan nan mai gudu yana hawa da gangara, za ka gane hannun gwani ne. Kai za ka lanƙwasa dogon yadda kake so, ka ɗaga shi, ka karkata shi a kwana, sannan ka saki jirgin ba kowa a ciki don gwaji. Gem ɗin zai auna maka abu uku: daɗin da mahaya za su ji, tsoron da zai kama su, da tashin zuciya. Ka cika kaifin kwana, tsoro ya yi yawa, mutane su zo bakin layi su juya. Ka sassauta da yawa, ba mai sha'awar hawa. Wannan jan da sakin shi ne zuciyar gem ɗin, kuma mutum kan share dare guda a kan dogo ɗaya bai sani ba.

Sabon abin da Planet Coaster 2 ya kawo shi ne ruwa: wuraren ninkaya da magangarun da ake sulalowa. Ba haƙa tafki kawai za ka yi ka tafi ba. Sai ka sa masu ceto a bakin ruwa, ka gina ɗakin canza kaya, ka haɗa injin tace ruwa, ka ja wutar lantarki. Haka kuma kana iya manna kayan ado a jikin lilon kansa, su riƙa juyawa tare da shi, abin da Planet Coaster na farko bai bari. Inda aka fi kuka da shi lokacin da ya fito shi ne menu, ya cika shiga nan fita can kafin ka kai ga abin da kake nema. An yi ta gyara shi daga baya, amma ka shirya wa kwanakin farko na laluben maɓalli.

Park Beyond kuwa na Limbic Entertainment ne, 'yan Jamus ɗin da suka yi Tropico 6, Bandai Namco ta fitar da shi a Yunin 2023. Shi bai damu da abin da zai yiwu a zahiri ba, da gangan ma yake tsallake shi. Za ka iya sa igwa ta harba jirgin da mutane a ciki ya tsallake rami ya dira kan wani dogon, ko ka mayar da lilo mai tsayi ɗaya ya zama mai hawa-hawa. Ranar farko abin yana burgewa ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Yana da labari mai jan mutum mataki-mataki, ya kuma raba baƙi gida uku, matasa da manya da masu iyali, kowa da irin abin da yake so. Ga wanda bai taɓa irin wannan gem ɗin ba, shigarsa ta fi sauƙi.

Matsalarsa biyu ce. Ya fito da kurakurai masu yawa, baƙi su maƙale a hanya, lissafin kuɗi ya rikice, kuma wannan ya ɓata masa suna tun daga farko. Ta biyun ta fi damuna: da ka ga abubuwan mamakin sau ɗaya sau biyu, ka gama ganinsu. Kayan adonsa ba su kai na Planet Coaster yawa ba, masu ɗora gine-ginensu don wasu su sauke ma ba su kai ba. A Planet Coaster, ranar da ka gaji da gini, sai ka leƙa Frontier Workshop ka ɗauko ginin da wani ya ɓata mako yana yi, ka dasa a filinka. Ga mai wasa da hannun gem (kontrola), inda jera bango ɗaya-ɗaya ke cin lokaci, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Kada kuma ka raina Planet Coaster na farko, wanda ya zo na'urorin gem a Nuwamban 2020. Ba shi da wurin ninkaya, amma ya nuna sarai, yana karɓar maus da kibod, kuma shi ne mafita ga mai PS4 ko Xbox One tunda na biyun bai sauka a kansu ba. Sai dai ka san yana da ma'aunin da ke cika yayin da kake ƙara gini, in ya kai ƙarshe ba ka ƙara ko da bishiya, don kada na'urar ta gaza.

Na ukun da na ambata shi ne Parkitect, wanda ya iso PlayStation da Xbox a 2024. In abin da ke faranta maka shi ne tafiyar da wurin, wato kuɗin shiga, albashin ma'aikata, riba da asara, to nan ne gidanka. A cikinsa kayan shaguna ba sa faɗowa daga sama, ma'aikata ne ke ɗauko su daga rumbu, kuma baƙi ba sa son ganin hanyar ma'aikata, dole ka ɓoye ta da shinge ko shuke-shuke. Zanensa mai sauƙi ne, kallon daga sama irin na tsohon RollerCoaster Tycoon na 1999, don haka kada ka sa ran kyan hoto irin na waɗancan biyun. Planet Coaster 2 ta wannan fannin yana da sassauci, da wuya ka ga wurinka ya karye in dai ka gina lilo masu kyau. Ka faɗa mana wanne ya fi jan ka, zanen dogo ko riƙe asusu, da kuma ko kana da maus da kibod da za ka iya jonawa.