Hidimar kamfanonin fansho a Zariya: ajiya ta yi kyau, bayani ne ya yi ƙaranci

Wajen adana kuɗi, kamfanonin fansho da ake kira PFA ba su da laifi. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, ma'aikatarsa ta ƙara kashi 10, kuma mutum zai iya duba abin da ya tara ta wayarsa. Wanda bai ji daɗin kamfaninsa ba yana da damar sauya wani sau ɗaya a shekara.

Wahalar tana wajen takardu. Za ka tarar da dattijo daga Samaru ko asibitin Shika riƙe da fayil, a NIN an rubuta Muhammad, a takardar kama aiki Mohammed, shekarar haihuwa kuma kowace takarda da tata. Wannan saɓanin kaɗai ya isa ya tsayar da biyan fansho har tsawon watanni. Duk wanda ya buɗe asusu kafin Yulin 2019 sai ya sabunta bayanansa da NIN, amma ba kasafai ake matsa wa mutane su yi da wuri ba. A fara gyara tun saura shekara biyu a yi ritaya: takardar kama aiki ta farko, ta ƙarin girma ta ƙarshe, takardar albashi da shaidar haihuwa, duk su zo ɗaya. Ma'aikacin tarayya kada ya yi wasa da tantancewar PenCom, wato hukumar kula da fansho ta ƙasa, musamman wanda ya fara aiki kafin 2004, domin haƙƙinsa na tsohon tsari gwamnati ce ke biya, kuma an sha samun jinkiri a baya.

Abin da ya fi ban takaici shi ne yadda ake gaggauta bayanin zaɓin ƙarshe, wato yadda za a riƙa biyanka bayan ritaya. Idan ka bar kuɗin a hannun PFA tana biyanka wata-wata, abin da ya rage bayan rasuwa na magada ne. Idan ka miƙa wa kamfanin inshora, za a biya ka har ƙarshen rai, amma magada suna da rabo ne kawai idan rasuwa ta zo cikin shekara goma na farko. Wanda ya koma inshora kuwa ba ya dawowa. Mai mata da ƙananan yara ya nemi a rubuta masa lissafin duka biyun, ya kai gida a duba kafin ya sa hannu.

Mai gudun kuɗin ruwa ya tambayi PFA ɗinsa game da Asusu na 6, wanda aka tsara bisa tsarin Musulunci. Sai ka nema da kanka ake mai da kai can.