Sharhi kan shirin Queer Comrades na ƙasar Sin

Queer Comrades shiri ne na intanet kan rayuwar masu neman jinsinsu, da aka fara a Beijing a 2007, kuma Wei Xiaogang na cikin waɗanda suka kafa shi. Da farko hira ake yi da baƙi a zaune, daga baya aka koma ɗaukar rayuwar mutane a inda suke. Koyon Sinanci ne ya kai ni wurinsa, domin ana rubuta fassarar Turanci a ƙasan bidiyon, sai dai abin da ya sa na ci gaba da kallo daban ne.

Na san batun masu neman jinsinsu yana da nauyi a bakin Bahaushe. Amma shirin ba wa'azi yake yi wa mai kallo ba. Mutum ake ba dama ya faɗi labarinsa da bakinsa, kuma kusan kowane labari a gida yake ƙarewa, gaban uwa da uba.

Nan ne na fi amfana. A 1997 Sin ta soke dokar da ake kama irin waɗannan mutane da ita, a 2001 kuma aka cire lamarin daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa. To me ya rage? Iyaye. Dokar haihuwar ɗa ɗaya, wadda ta yi aiki har 2015, ta sa burin gida kacokan ya rataya a wuyan yaro guda: ya yi aure, ya kawo jika. Duk bikin sabuwar shekara, da ya koma garinsu, tambayar ke nan. Wasu kan ƙulla auren ganin ido tsakanin namiji da mace da dukansu ba sa so, don hankalin tsofaffi ya kwanta. Wasu kuma su auri matar da ba ta san komai ba, ta zauna cikin baƙin cikin da ba ta san mafarinsa ba. Wallahi halin waɗannan matan ya daɗe yana damuna, kuma da na so a ce an ba su fili fiye da wanda na gani. Haka mutanen karkara, muryarsu ba ta kai ta 'yan birni ba.

Aikin kyamara ba na masu kuɗi ba ne, amma magana tana fita sarai.

Mai neman irin waɗannan shirye-shirye a yau sai ya yi haƙuri, domin ƙofa tana ta rufewa. A 2018 dandalin sada zumunta na Sin mai suna Weibo ya ce zai share batun daga shafinsa, jama'a suka yi ca, cikin 'yan kwanaki ya janye. A 2021 wani dandalin, WeChat, ya rufe shafukan ƙungiyoyin ɗaliban jami'a da dama masu magana a kan haka, sannan a 2023 Beijing LGBT Center, cibiyar masu neman jinsinsu ta Beijing, ta daina aiki.

Ɗalibin aikin jarida ko na nazarin zamantakewa, da duk mai shirin zuwa karatu Sin, ina ba shi shawara ya fara da hirarrakin da iyaye ke ciki.