Kwalin shim na bawul don Alfa Romeo mai SPICA: ya yi, amma sai da maikromita

Injin Alfa Romeo mai kamshaf biyu, irin na Spider da GTV 1750 da 2000, ba shi da sukurun da ake murɗawa a saita bawul. Wani ɗan ƙarfe ne kamar maɓalli, shim, ke zaune a kan sandar bawul a ƙarƙashin kofinsa, kuma kaurin shim ɗin ne ke yanke tazarar da ke tsakanin kofin da kamshaf. Amfanin sayen kwali guda ke nan: da zarar an ɗaga kamshaf, ba sai an ajiye mota ana jiran shim ɗaya ba.

Kwalin da kaurinsa ke hawa da milimita 0.025 shi ne na kirki. Mai tsallen 0.05 ɓata kuɗi ne, domin duk faɗin abin da ake nema 0.025 ne: bawul na shigar iska 0.475 zuwa 0.500, na fitar hayaƙi 0.525 zuwa 0.550, injin yana sanyi ƙalau. Idan filagej, ma'aunin tazara, ya nuna 0.400 a bawul na shiga, shim ɗin ciki kuma 2.100 ne, a sa 2.025 ko 2.000. A duba ramin shim ya dace da kaurin sandar bawul, don akwai na milimita 8, akwai na 9.

Aibinsa, lambar da aka buga a jiki ba abin dogaro ba ce. A auna kowanne da maikromita, ma'aunin kauri, har tsohon da aka ciro, wanda sandar bawul ta riga ta ci cikinsa. Kafin a saki sarƙa a daidaita alamomin kamshaf, a toshe ramin sarƙar da tsumma. Shim ya faɗa can, sai dai haƙuri.

Motocin Alfa Romeo da aka kai Amurka daga 1969 zuwa 1981 famfon SPICA suke da shi, wato famfon da ke fesa wa injin fetur, kuma shi ba ya auna iskar da ke shiga. Da buɗewar totur da gudun injin yake raba fetur. Bawul ya matse, iska ta canza, famfo bai sani ba: silo ya riƙa rawa, fulogi ya yi baƙi, a ɗora wa famfo laifi. Bawul na hayaƙi da ya matse kuwa ƙonewa yake yi. Don haka bawul ake fara gamawa, sannan lokacin wuta, kafin a taɓa sandunan totur ko tazarar inci 0.019 ta bayan famfo, wadda ake aunawa injin yana da zafi.